Kunya ce ta sa suke hana batsa a dandalinsu, ko tsoron asara?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon masu sanin abin su haska mana. Facebook da Instagram da YouTube da TikTok duk sun rubuta a dokokinsu cewa ba a saka tsiraici da batsa. Shi kuwa X, wanda muka sani da Twitter, a watan Mayun 2024 ya fito ƙarara ya rubuta cewa ya yarda a saka, matuƙar manya ne a ciki, da yardarsu aka ɗauka, kuma an sa wa abin alama. To Facebook da X duk kamfanonin Amurka ne, doka ɗaya ke kansu. Me ya sa wannan ya hana, wancan ya buɗe ƙofa? Ni a ganina waɗanda suka hana ɗin suna da sauran kunya, ya kamata a yaba musu, mu kuma karkata yaranmu can. Ina koyarwa a sakandare, iyaye suna yawan tambayata wanne ne mai dama-dama.

Injiniya Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka taso da maganar. Aikina shi ne haɗa shafukan kasuwanci da hanyoyin biyan kuɗi, don haka ta wannan ƙofar nake kallon lamarin. Kowane kamfanin intanet yana da iyayen gidan da ba ya iya tsallake maganarsu. Akwai bankuna da kamfanonin kati, su Visa da Mastercard. Akwai Apple da Google da ke riƙe da rumbun da ake sauke manhaja. Sai masu ba da talla. Idan ka bi diddigin kusan kowace dokar hana batsa, za ka tarar da hannun ɗaya daga cikin waɗannan a bayanta.

Ga OnlyFans, kamfani ne a Landan da aka kafa a 2016, mutane na biyan kuɗin wata don kallon abin da wasu ke sakawa, kamfanin yana cire kashi 20 cikin 100. Da batsa ya yi suna, da ita ya yi kuɗi. Ranar 19 ga Agustan 2021 sai kawai suka sanar da cewa daga 1 ga Oktoba sun hana. Duniya ta ɗauka tuba suka yi. Wanda ya kafa kamfanin, Tim Stokely, ya fito a jaridar Financial Times ya ce bankuna ne suka matsa musu, har ya ambaci sunayen bankunan da ke toshe musu tura kuɗi. Ranar 25 ga wannan watan, kwana 6 kacal, suka janye sanarwar, suka ce sun samu tabbaci daga abokan hulɗarsu na banki. Malam, kunyar da take zuwa ranar Alhamis ta tafi ranar Laraba ai ba daga zuciya ta fito ba.

Malam Habibu:
To shi X fa? Ba ya tsoron bankunan ne?

Injiniya Nura:
Shi tun yana Twitter yake kawar da kai, a 2024 rubutawa kawai ya yi. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2022 cewa a lissafin cikin gida na kamfanin, irin wannan abu ya kai kashi 13 cikin 100 na abin da ke dandalin. Bayan Elon Musk ya saye shi a wannan shekarar manyan masu talla da yawa suka janye, sai ya ƙara dogara da kuɗin wata da masu amfani ke biya. Facebook kuwa kusan duk kuɗinsa daga talla ne, kuma mai sayar da madarar jarirai ba zai yarda tallarsa ta fito kusa da tsiraici ba.

Kuma duk suna tuna abin da ya samu dandalin Tumblr. A Nuwamban 2018 Apple ya cire manhajarsu daga rumbunsa saboda an samu hotunan lalata da yara a ciki. Cikin 'yan makonni suka hana duk wani tsiraici daga 17 ga Disamba. Masu ziyara suka ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a 'yan watanni. Kamfanin da Yahoo ya saya dala biliyan 1.1 a 2013, a 2019 aka sayar da shi a kan abin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba. Tun kafin hanin darajarsa take faɗuwa, kada a ɗora wa abu ɗaya, amma darasin da sauran suka ɗauka shi ne kowa ya lissafa wanne ya fi tsada, hanawa ko bari.

Ustaz Mu'azzam:
Injiniya, na ji bayaninka kuma na amfana. Amma ni ban ga inda ya rushe maganar Malam Habibu ba. Niyyarsu tsakaninsu da Mahaliccinsu. Idan tsoron banki ne ya sa suka rage ɓarna, ai ɓarnar ta ragu. Mu da ba mu da iko a kansu, me zai hana mu yi murna da duk abin da ya taka musu birki?

Injiniya Nura:
Allah ya gafarta Malam, akwai inda maganarka ta tabbata, ba zan ɓoye ba. Ranar 4 ga Disamban 2020 wani marubuci, Nicholas Kristof, ya yi rubutu a jaridar New York Times kan bidiyon fyaɗe da na ƙananan yara da ke cikin shafin batsa na Pornhub. Ranar 10 ga wata Visa da Mastercard suka yanke hulɗa da shafin. Kafin mako ya zagayo shafin ya goge duk bidiyon da ba a tantance wanda ya ɗora shi ba, miliyoyi, mafi yawan abin da ke ciki. Daga baya a 2021 Mastercard ya kafa sharaɗi cewa duk shafin irin wannan da ke son karɓar kuɗi da katinsa sai ya riƙe takardar shaidar shekaru da ta yardar duk wanda ya fito a bidiyo. Wannan alheri ne, babu ja.

Barista A'isha:
Ustaz, ka yi haƙuri in shigo nan, don a nan ne niyyar take da muhimmanci. Waɗancan 'yan matan da aka ɗora bidiyonsu sun yi shekaru suna rubuta wa shafin, suna roƙo, suna cewa ni ce a ciki, shekarata 14 a lokacin, a cire. Wasu an cire an sake ɗorawa, wasu ko amsa ba su samu ba. Ba kukansu ne ya motsa kamfanin ba. Babbar jarida ce ta yi magana, kamfanonin kati suka ji tsoron sunansu ya ɓaci, sannan aka yi a kwana 10 abin da aka ƙi yi a shekaru. Kuma uwar kamfanin, MindGeek da ke Montreal a Kanada, a 2023 ta sauya suna ta koma Aylo. Suna aka wanke.

Irin mai gidan da ba ya share kwata sai ranar da ya ji duba-gari zai shigo unguwa ne. Eh, ran nan kwatar za ta yi fes. Amma maƙwabcin da ruwan ke kwarara ƙofar gidansa duk shekara, idan shi kaɗai ke ƙorafi, babu mai kula shi. Abin da ya sa nake cewa niyyar ta shafe mu shi ne, ita ce ke nuna wa za a kare da wa za a manta. Mu a nan ba mu cikin waɗanda ake jin tsoron bakinsu.

Hajiya Binta:
Barista kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina da ɗan shafi da nake wayar da kan mata. A watan wayar da kai kan sankarar mama na saka zane, zane fa ba hoton mutum ba, yana nuna yadda mace za ta ɗaga hannu gaban madubi ta lalubi nononta da yatsu uku tana zagayawa har hammata. Wani dandali ya cire, ya turo mini gargaɗi cewa na saka tsiraici, ya rage masu ganin shafina na makonni. A daidai lokacin, ina buɗe wayata ina cin karo da yarinya tana magana da Hausa, maganar da wallahi ko a ɗakin haihuwa ba ma furta irinta, dubban mutane suna kallo. Matanmu kuwa sai ciwon ya fashe yana wari suke zuwa asibiti, saboda kunya da rashin sani. Wace irin doka ce wannan da take kama mai magani ta ƙyale mai cuta?

Injiniya Nura:
Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. A Oktoban 2020 wani a Brazil ya saka hotunan alamomin sankarar mama a Instagram, na'ura ta cire. Maganar ta kai gaban kwamitin sa ido da Facebook ya kafa, a Janairun 2021 kwamitin ya ce cirewar kuskure ce. Kafin nan a 2016 Facebook ya goge sanannen hoton nan na yaƙin Vietnam, na yarinyar da wutar bam ta ƙona tana gudu ba kaya, har wanda firaministar Norway ta saka sai da aka goge, sai da ƙasar ta yi caa a kansu sannan suka mayar. Dalilin shi ne na'urar da ke tacewa fatar jiki take gani, ba ma'ana ba. Kuma an saita ta ne ta gwammace cire abu 100 marasa laifi da ta bar guda ɗaya da ɗan jarida zai ɗauki hotonsa kusa da tallar wani kamfani.

Sadiq:
Yaya Nura bari in ƙara da abin da nake gani a shago, don ni gyaran waya da tura fina-finai nake yi. Batsar da ke yawo a wajenmu yawanci ba tsiraici ba ce. Mutum zai zauna da kayansa tsaf, har da hijabi ko hula, bakinsa ne kawai ke aiki. Na'urar ta ga sutura ta wuce. A rubutu kuma sun gano dabara, su raba kalma da ɗigo, ko su sa lamba a madadin harafi, ko su kira abin da sunan kayan miya. Duk wani ɗan shekara 13 ya san me ake nufi, kamfanin ne kaɗai bai sani ba. Sannan da dare a hau kai tsaye, ana turo kyaututtuka, duk wanda ya fi sakin baki shi ya fi samu, kamfanin kuma yana da kasonsa a cikin kowace kyauta. Ni na sha kai ƙarar irin waɗannan, amsar da ke dawowa ita ce ba su ga abin da ya saɓa doka ba.

Maman Hanan:
Sadiq ka yi a hankali da kuɗin goro. Ni ina sayar da turaren wuta da kayan gyaran amare a waya, kuma mu ma muna raba kalma da ɗigo, ba don iskanci ba, don in ka rubuta ta daidai a rufe maka shafin da ka yi shekaru kana ginawa. Gyaran aure ai ba yau aka fara ba, iyayenmu sun yi, sai dai su a ɗaki suke yi tsakanin mace da mace.

Hajiya Binta:
Maman Hanan ai nan ne gizo ke saƙar. A ɗaki tsakanin mace da mace. Yanzu wasu 'yan kasuwarku gaban duniya suke kwatantawa dalla-dalla, yara na ji, maza na sharhi. Ban ce ke ba. Kuma ban da maganar tarbiyya, akwai abubuwan da ake cusa wa mata da ke kawo su wajenmu da ƙonewa da kumburi. Wannan tallar tana wucewa lafiya lau, zanena ne aka kama.

Maman Hanan:
Wannan gaskiya ne Hajiya, mu kanmu suna zubar mana da mutunci. Har ta kai in ka ce kayan mata kake sayarwa sai a yi maka wani kallo.

Injiniya Nura:
Game da abin da Sadiq ya ce, ƙarar da ka kai idan ta tsallake na'ura tana zuwa wajen mutum ne. Shekaru da dama masu duba wa Facebook abubuwan da ake sakawa da harsunan Afirka suna zaune ne a Nairobi, ƙarƙashin wani kamfanin kwangila mai suna Sama. A 2023 sama da mutum 180 daga cikinsu suka kai ƙara kotu a Kenya kan sallamarsu da aka yi, suna kuma bayyana yadda kallon yanka da fyaɗe wuni guda ya taɓa musu ƙwaƙwalwa a kan albashi kaɗan. Mutum ne da aka ba shi 'yan daƙiƙu ya yanke hukunci a kan kowane abu, da littafin doka da aka rubuta a Kalifoniya. Ko da Bahaushe ne, littafin bai tanadi habaici da zaurance ba.

Alhaji Garba:
Ni duk wannan dogon turanci ne. A rufe TikTok ɗin kawai a huta. Pakistan ta rufe, Somaliya ta ba da umarni a rufe. Mu me muke jira? 'Ya'yanmu sun lalace muna nan muna lissafin bankunan Amurka.

Sadiq:
Ranka ya daɗe Baba, Pakistan ta rufe a Oktoban 2020, bayan kwana 10 ta buɗe, ta sake rufewa ta sake buɗewa har sau da yawa. Mu ma nan an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A wannan lokacin ne yaran unguwarmu da ba su taɓa jin sunan VPN ba, wato manhajar tsallake toshewar intanet, suka koye shi, ni da hannuna na saka wa mutane a waya. Wanda ya koyi VPN kuwa ba Twitter kaɗai ya buɗe masa ba, duk wata ƙofa da ke rufe ta buɗe. Kuma mafi munin abin da nake gani a wayoyin da ake kawo mini gyara ba daga TikTok yake ba, daga zaurukan Telegram da WhatsApp ne da katin memori.

Yakubu (Manchester):
Ina gaida dattawa. Mu nan Ingila an gwada wata hanya. Daga 25 ga Yulin 2025 dokar kare masu amfani da intanet ta tilasta wa duk shafin da ke da batsa ya tantance shekarun mai shiga, ko da katin shaida, ko katin banki, ko na'ura ta duba fuska ta ƙiyasta shekaru. Hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa na iya cin tarar kamfani fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na duniya. A makon da aka fara, manhajojin VPN ne suka hau saman jerin abin da ake saukewa. Duk da haka ni a matsayina na uba ina goyon baya, domin yaro ɗan shekara 9 ba nema yake ba, cin karo yake yi, kuma wannan ya rage cin karon. Abin lura dai shi ne kamfanonin sun bi ne saboda tarar tana da ciwo kuma kasuwar Ingila tana da maiƙo.

Alhaji Garba:
To ai mu ma muna da Hisba. A ƙara musu ƙarfi.

Issoufou (Maraɗi):
Alhaji, Hisbar Kano iyakarta Kano. Mai yin abin yana iya zama nan Maraɗi, ko Agadas, ko Jidda, masu kallo suna Kano da Zinder da Kumasi. Harshe ɗaya ne, hukuma daban-daban.

Barista A'isha:
Kuma ko a Kanon an ga iyakar abin. A ƙarshen 2023 shugaban Hisba Sheikh Aminu Daurawa ya kira 'yan TikTok ya zauna da su ya yi musu nasiha, wasu malamai suka soke shi a kan zaman. A ƙarshen Fabrairun 2024 gwamna ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake kamen mata, a farkon Maris Malam ya ajiye muƙaminsa, bayan 'yan kwanaki aka sasanta ya dawo. Ba ina raina ƙoƙarinsu ba ne. Amma duk wanda aka kama aka nuna a kyamara, washegari mabiyansa ƙaruwa suke yi, kuma dandalin da ya ci ribar kallon ko gezau.

Ni abin da ya fi damuna ma ba masu yi da gangan ba ne. Malam Habibu ya tambayi wane dandali ne ke da kunya, ni tambayata ita ce mutuncin wa ake karewa. Kamfani idan sunansa ya ɓaci yana da lauyoyi, yana iya sauya suna. Yarinyar Hausawa fa? Akwai wadda aka kawo mini, an kai lefe, an sa rana, har an raba goron gayyata. Wani da suka taɓa soyayya tun tana makaranta ya saki hoton da ta tura masa shekarun baya. Mahaifiyarta ce ta riƙo hannunta suka shigo ofis, yarinyar ta ja mayafi har haɓa, duk tambayar da na yi uwar ce ke amsawa. Kafin su zo hoton ya zaga zaurukan unguwa uku, dangin ango sun aiko a dawo da akwatuna. Shi wanda ya saki hoton yana nan yana zama a majalisarsu, babu wanda ya tashi don ya zauna.

Mun ga irin wannan tun 2007, lokacin da bidiyon wata 'yar fim ya fita ta Bluetooth, kafin ma a san TikTok. An dakatar da shirya fim na watanni a Kano, Hukumar Tace Fina-finai ta tsaurara, ita kuma sunanta ya zama abin zagi har yau. Mutum nawa ne ke tuna namijin da ya ɗauka? Mu ma ashe sunan gari da sunan sana'a muka tashi wankewa, kamar yadda kamfanonin ke yi.

Ustaz Mu'azzam:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Barista, wannan magana ta shige ni. Kuma a nan addini bai bar mu cikin duhu ba. A Suratun Nur aya ta 19 Allah ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma ayar ta sauka ne a kan masu yaɗa magana, ba a kan wadda aka yi maganar a kanta ba. Wanda ya tura hoton ga abokinsa yana cewa kalli yadda duniya ta lalace, ya shiga ciki. Wanda ya ce a turo masa don ya tabbatar, ya shiga ciki. Umarnin runtse ido ma da maza aka fara a aya ta 30 kafin mata. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Ina ganin mu masu hawa mumbari mun fi yawan magana a kan shigar 'yan mata fiye da yatsan da ke danna turawa, kuma ya kamata wannan ya gyaru.

Injiniya Nura:
Don ku ga bambancin da Barista ke nufi: a Yulin 2024 Meta, uwar kamfanin Facebook da Instagram, ya sanar da goge asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su nemi kuɗi. Yawancin waɗanda ake cuta Amurkawa ne, akwai yaran da suka kashe kansu, har aka miƙa wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ga Amurka, kotu a Michigan ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Daidai ne a hukunta su, sun zubar mana da mutunci a idon duniya. Amma ku lura, hanzarin ya zo ne da majalisar Amurka ta sa kamfanin a gaba. Haka Telegram, sai da aka kama mai shi Pavel Durov a Faransa a Agustan 2024 sannan ya yarda zai riƙa ba hukuma lambar waya da bayanan masu laifi idan kotu ta nema.

Malam Habibu:
Jikina ya yi sanyi. To yanzu uba ya zo ya ce mini wanne zan bar ɗana ya shiga, me zan ce masa? Har yanzu ni dai ina ganin wanda ya rubuta hani ya fi wanda ya rubuta halas, ko da don kuɗi ne.

Yakubu (Manchester):
Ya fi, Malam, ban musa ba. Ɗan shekara 12 ba shi da abin yi a X ko Telegram. Kawai kada uban ya ɗauka tunda dandali ya rubuta hani to an yi masa reno. Su kansu dandalin sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe asusu, mu ne muke ƙara wa yara shekaru da hannunmu. Akwai Family Link na Google a wayoyin Android, kyauta ne, uba zai iya hana sauke manhaja sai da izininsa, ya kuma sa lokacin da wayar za ta kulle da dare.

Hajiya Binta:
Barista, koma kan yarinyar nan don Allah. Idan irin haka ta samu wata gobe, me za a yi a ranar farko? Mata suna zuwa mini da irin wannan a asibiti suna kuka, ni kuma ban da haƙuri babu abin da nake ba su.

Barista A'isha:
Hajiya, abu na farko kada ta biya ko sisi idan kuɗi ake nema, wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. Kada kuma ta goge saƙonnin barazanar don tsoro, ta ɗauki hoton fuskar wayar da lambarsa da ranar, su ne hujja. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta tura batsa ta kwamfuta ko waya da yin barazana, hukuncin kuma ya fi tsanani idan yarinyar ba ta kai 18 ba. Ana iya kai ƙara sashen laifukan intanet na 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, kuma ya fi kyau babba daga gidan ya raka ta. Abin da ke kashe irin wannan shari'a a wajenmu shi ne dangi su ce a rufa asiri a bar wa Allah, alhali asirin ya riga ya tonu, wanda aka rufa wa shi ne mai laifin.

Injiniya Nura:
In ƙara a kan na Barista. Akwai shafin StopNCII na waɗanda suka kai 18, da Take It Down na waɗanda aka ɗauki hotonsu kafin su kai 18. Duka kyauta ne. Hoton ba ya barin wayarta, shafin yana ciro wata lamba ce ta musamman daga jikin hoton ya aika wa dandalin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, duk wanda ya yi ƙoƙarin ɗora wannan hoton sai a gane a tare. Ba ya aiki a cikin saƙon WhatsApp saboda a kulle yake daga waya zuwa waya, kuma idan an yanke hoton ko an sauya shi sosai yana iya tsallakewa. Amma ya fi zama haka nan, musamman idan an yi tun ana barazana kafin a saki.

Sadiq:
Na WhatsApp ɗin kuma aikin masu riƙe da zaure ne. Duk wanda ya turo, a goge wa kowa, a fitar da shi, ko da ɗan gidan mai unguwa ne.

Hajiya Binta:
Injiniya, shafukan nan da Turanci suke ko? Yawancin matan da nake gani ba za su iya bi ba. Ka taimaka ka rubuta mana matakan da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, da hoton inda za a danna. Ranar Asabar muna da taron iyaye mata a Islamiyyar unguwarmu, ina so in kai musu. Ustaz, idan da hali ka turo mana ɗan muryarka a kan ayar nan mu saka musu.

Ustaz Mu'azzam:
In sha Allah Hajiya, bayan Isha'i zan ɗauka in turo.

Injiniya Nura:
To Hajiya, zuwa gobe da yamma. Zan raba shi biyu, na manya daban na 'yan ƙasa da 18 daban, don shafukan ba ɗaya ba ne. Barista, idan na gama zan fara turo miki ki duba ɓangaren kai ƙara kafin in saka a nan.